Allon da Teku Ta Ƙi Ci

A farkon ƙarni na 16 an yi wani masanin shari'a a Palermo, babban birnin tsibirin Sisili da ke kudancin Italiya, ana ce masa Giacomo Basilicò. Allah ya hore masa dukiya. Matarsa, Eulalia Resolmini, ta riga shi barin duniya, ta kuma bar wasiyya a gina ɗakin ibada da sunan Maryamu. Mijin bai yi wasa da maganar mamaciya ba. Wajen 1506 ya ware fili a unguwar Kalsa, dab da ganuwar gari, ya haɗa da kadarorin da kuɗin shigarsu zai riƙa ɗaukar nauyin aiki, ya damƙa duka a hannun wata ƙungiyar 'yan zuhudun Kirista masu fararen riguna, waɗanda ake kira da sunan gidansu na asali, Monte Oliveto. A 1509 takardar izinin Fafaroma Julius na Biyu ta fito, magina suka ja igiya suka fara tona harsashi.

Da a wajenmu ne, wakafi za mu ce Basilicò ya yi. Ya fitar da abu daga mallakarsa, bai kuma shigar da shi mallakar wani ba. Ya tsayar da shi ne saboda Ubangijin da yake bauta wa, da kuma mutanen gari, na raye da waɗanda ko kakanninsu ba a haifa ba tukuna. Su 'yan zuhudun, makulli aka ba su. Wanda aka ba makulli yana buɗewa yana rufewa, yana share ɗaki, yana korar ɓarawo, in ƙarfinsa ya ƙare ya miƙa wa na bayansa. Iyakar huruminsa ke nan, kuma ranar da aka yi wannan ajiya babu wanda ya jahilci haka, daga mai bayarwa har masu karɓa.

Unguwar da aka zaɓa tsohuwa ce. Musulmi sun ci Palermo a 831, a 937 kuma wani kwamandan Fatimiyyawa, Khalil ibn Ishaƙ, ya gina wa mahukunta ƙaramin birni mai ganuwa a bakin teku, aka sa masa suna al-Khalisa, wanda ya koma Kalsa a bakin mutanen tsibirin. Normawa suka karɓe garin a 1072. Sarauta ta yi ta sauya hannu har zuwa zamanin da muke magana, lokacin da Sisili take ƙarƙashin sarakunan Sifaniya. Sarki yana can ƙetaren teku. Wakilinsa ne yake zaune a fadar Palermo, yana tara haraji yana aikawa, idonsa kullum yana kan abin da zai faranta wa maigidansa rai.

Cocin da aka tayar, Santa Maria dello Spasimo, ba a yi shi da ƙaramin buri ba. A daidai lokacin an fara gina sabon cocin San Pietro a Roma, da salon da ya koma wa ginshiƙai da ƙubbobin Rumawan dā. Maginan Palermo kuwa suka tsaya kan abin da hannunsu ya saba, wato salon Gotik mai bakuna masu tsini, wanda ya daɗe yana kai-komo tsakaninsu da Kataloniya. Da dutsen ƙasarsu suka yi aiki, dutse mai sauƙin sassaƙa, launinsa tsakanin ruwan zuma da ruwan ƙasa. Suka shimfiɗa dogon zaure a tsakiya, mai tsayin da sai mutum ya ɗaga kai sosai kafin ya ga ƙarshen bango, da ƙananan ɗakunan addu'a a gefe. A can ƙurya, inda babban bagade yake tsayawa, bangon ya lanƙwashe kusurwa-kusurwa ya zagaye wurin, kuma rufin wannan ƙurya yana nan har yau. Haƙarƙarin dutse suna tasowa daga kusurwoyin, su miƙe sama, su sarƙe da juna, su fitar da siffar tauraro. Wanda ya taɓa zama a cikin tsohon soro mai ɗaurin guga zai gane dabarar nan take. Ba a barin nauyin rufi ya danne bango ko ta ina. Ana tattara shi ne ya bi ta baka ya sauka inda aka tanadar masa. Shi ya sa bango yake iya yin tsawo haka, har ya bar wa dogayen tagogi wuri.

Gini dai, komai kyansa, akwai irinsa a wasu garuruwa. Abin da Basilicò ya so ya bambanta cocinsa da shi shi ne zanen da za a kafa a ciki. Don haka ya aika Roma wajen Raffaello, wanda a lokacin da wuya a samu mai zanen da ya kai shi kasuwa: yana ƙawata ɗakunan fadar Fafaroma, tun 1514 kuma shi ne mai tsara ginin San Pietro. Samun aikin hannunsa sai sarki ko na kusa da sarki. Ya karɓi aikin, ya yi shi wajen 1516 a kan allon katako mai tsayin fiye da mita 3 da faɗin fiye da mita 2. Ya zana abin da Kirista suka yi imani ya faru a kan hanyar zuwa wurin gicciye. Yesu ya faɗi ƙarƙashin nauyin gungumen, ya dafa dutse da hannu ɗaya, ya waiwayo. Mahaifiyarsa gwiwa ta gaza ɗaukarta, ta miƙa masa hannu biyu, waɗanda suke tare da ita suna tallafe da ita. Sojoji da dawakai da masu sun cika bayan fage. A jikin dutsen da aka dafa Raffaello ya rubuta sunansa. Wannan suman baƙin ciki na uwa shi ake kira spasimo, a nan cocin da zanen suka samo suna.

Musulmi bai yarda an gicciye Annabi Isa ba, kuma ba tafarkinmu ba ne kafa hoto a wurin ibada. Labarin nan bai nemi kowa ya taɓa aƙidarsa ba. Ya isa a gane cewa a wajen mutanen Palermo wannan allo yana cikin mafi darajar abin da aka taɓa ajiye wa garinsu, kuma hukuncin ajiya ɗaya ne a kowane addini.

Giorgio Vasari, wanda ya rubuta tarihin masu zanen Italiya a tsakiyar ƙarnin, ya kawo labarin tafiyar allon. An saka shi a akwati an ɗora a jirgin ruwa zuwa Palermo. Guguwa ta taso, jirgi ya daki dutse ya farfashe, mutane da kaya suka halaka. Akwatin kaɗai ya yi ta yawo a kan ruwa har ya je gaɓar Jenowa, can arewa, akasin inda aka nufa. Da aka tsamo aka buɗe, sai aka tarar da zane lafiya lau, ko tabo babu. Mutanen Jenowa suka ɗauka rabonsu ne ya tsaga, suka riƙe. Labari ya kai kunnen 'yan zuhudu, suka tashi haiƙan, suka kai kuka har gaban Fafaroma. Sai da ya sa baki aka saki allon, aka ba waɗanda suka tsamo shi tukuici mai tsoka, aka sake ɗora shi a wani jirgin. Wasu masana tarihi suna ganin Vasari ya ƙara gishiri, kuma ya saba. Amma da wannan labari mutanen Palermo suka tashi, shi suka riƙa gaya wa 'ya'yansu: teku ta haɗiye jirgi da mutanensa, ta tofar da allonsu.

A dubi waɗannan 'yan zuhudu na farko da kyau. Abu ya ɓace a teku, ya faɗa hannun gari mai ƙarfi, garin fatake da masu ba sarakuna bashi, wanda ba a saba ƙwatar abu daga hannunsa ba. Da sun ce ƙaddara ce sun haƙura, babu wanda zai ga laifinsu. Ba su ce ba, domin sun san ba nasu ba ne balle su yafe.

Antonello Gagini, gwanin masu sassaƙa na Sisili, ya yi wa allon mazauni na farin marmara, da dogayen ginshiƙai biyu masu ado a dama da hagu. Tun 1517 Agostino Veneziano ya riga ya sassaƙa hoton a farantin tagulla, ana bugawa a takarda ana sayarwa. Masu zanen tsibirin suka yi ta kwaikwayonsa har kwafinsa ya bazu a garuruwa. A 1520 Raffaello ya rasu yana ɗan shekara 37. Daga ranar, abin da yake Palermo ya shiga jerin abubuwan da komai kuɗinka ba za a sake yi maka irinsu ba.

Shi ginin bai yi sa'a ba, har aka tashi ba a gama shi ba. Zamanin Sarki Sulaiman na Usmaniyya ne, jiragen yaƙin Hairuddin Barbarossa suna sintiri a Bahar Rum, duk garin da yake bakin teku a Italiya yana kwana cikin ɗar-ɗar. A 1535 Charles na Biyar, mai riƙe da Sifaniya da Sisili, ya ci Tunis, ya biyo ta Palermo, ya naɗa Ferrante Gonzaga wakilinsa. Gonzaga ya sa injiniyan yaƙi Antonio Ferramolino ya sake fasalin ganuwar gari yadda za ta jure harbin igwa. Cocin Spasimo ya faɗo daidai gefen da ake tsoron abokan gaba za su ɓullo. Aka haƙa gwalalo, aka tara ƙaton tudun ƙasa a jikin ginin, gidan ibada ya wayi gari yana jingine da sansanin soja. A 1569 majalisar gari ta saye wurin saboda tsaro, a 1573 kuma 'yan zuhudu suka kwashe suka koma cocin Santo Spirito da ke bayan gari. Sun bar bango, sun bar rufin tauraro, sun bar aikin shekara sittin. Allon kuwa suka ɗauke shi da marmaransa, suka kafa a sabon gida. Su ma waɗannan sun fita kunyar Basilicò.

Cocin da aka bari ya zama abin da gari ya ga dama. A 1582 an yi wasan kwaikwayo a cikinsa, Aminta na Torquato Tasso. A 1624 wani jirgi daga Tunis ya shigo da annobar da ta kashe dubban mutane har da wakilin sarki, Emanuele Filiberto, aka mayar da wurin matsugunin masu cutar. Daga baya ya zama rumbun hatsi.

Sai shekarar 1661.

Sarkin Sifaniya a lokacin Filib na Huɗu ne, mutumin da kwaɗayinsa na zane ya shahara a duk Turai. Velázquez ya yi masa aiki a matsayin mai zanen fada. Da mutanen Ingila suka fille kan sarkinsu a 1649 aka yi gwanjon kayansa, jakadan Sifaniya yana cikin manyan masu saye. Duk mai neman fada a wajen Filib ya san ƙofar da ake bi: a kawo masa zane. Wakilinsa a Sisili tun 1660, Fernando de Ayala, ya san haka, ya kuma san abin da yake tsaye a Santo Spirito.

Wakilin sarki yana da soja, yana da kurkuku, amma bai aika soja ba. Ƙwace kayan coci da rana tsaka abu ne da zai iya tayar da gari, Palermo kuma ba ta daɗe da nuna halinta ba: a 1647 talakawa sun yi bore kan burodi har wakilin sarki na lokacin ya tsere daga fada ya fake a jirgin ruwa. Da ɗan gari akan ci gari. Ɗan garin da aka samu shi ne shugaban gidan zuhudun da kansa, Clemente Staropoli. A cikin shekarar allon ya bar Palermo. Sunan da aka ba abin shi ne kyauta, gidan zuhudu ya yi wa sarki. A madadin kyautar sarki ya yi alkawarin kuɗin da za a riƙa biya duk shekara: 4,000 na kuɗin zamanin ga gidan, 500 kuma ga shi shugaban, shi kaɗai.

A tsaya a kan wannan 500. Da babu ita, da sai a ce dattijo ne ya tsorata, ko ya ga rufi na yoyo, 'yan'uwansa na fama, ya zaɓi mutane a kan katako. Da sai a yi masa uzuri ko da ba a yarda da shi ba. Amma mutum ne da ya shiga zuhudu bisa alwashin ba zai mallaki komai na kansa ba, sai ga rabonsa an cire daban a cikin yarjejeniya. Ita 4,000 ita ake faɗa wa duk wanda ya tambaya. Ita 500 ita ta kai hannu ga alƙalami.

Irin wannan magana ba ta farawa da ambaton sayarwa. Duk wanda ya taɓa zama inda ake shawara kan kayan jama'a ya san yadda take shigowa. Da farko a ce babban mutum ya nuna sha'awa, kuma ba a mayar da hannun babba baya. Sai a ce abin nan yana nan zaune shekara da shekaru, ko anini ba ya kawowa, ga gyare-gyare sun taru, ga baki da yawa ana ciyarwa. Sai a ce ai ba rabuwa aka yi da shi ba, wurin da ya fi daraja zai koma, sunan gidan nan ma zai ɗaukaka. Sai a ce wanda ya bayar ya daɗe a kabari, zamani ya sauya, da yana raye shi ma haka zai yi. In wani ƙarami ya yi ƙarfin hali ya tambaya ko muna da ikon yin haka, sai a tuna masa da ladabi da biyayya, a ce manya sun riga sun gama magana. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ba ta da ƙamshin gaskiya, shi ya sa suke shiga kunne. Gida na iya kasancewa cikin buƙata da gaske. Sarki kuma ba abokin wasa ba ne. To amma duk shugabannin da suka riƙe makullin kafin Staropoli, shekara kusan 140, a ƙarƙashin wannan sarauta ta Sifaniya suka zauna. Sun ga yaƙi, sun ga annoba, sun ga yunwa, an tashe su daga gidansu, kowannensu kuma ya miƙa allon ga na bayansa kafin ya kwanta dama.

Masu haƙƙin ba sa cikin ɗakin da aka ƙulla cinikin. Eulalia da mijinta suna ƙasa. Matan gari, waɗanda suke takawa har bayan ganuwa su durƙusa gaban hoton uwar da ɗanta yake hannun soja domin su ma sun san wannan zafi, ba a saba tambayarsu ba. Waɗanda ba a haifa ba kuwa ba su da baki. Mutum ɗaya aka naɗa ya yi magana a madadin duka waɗannan, shi ne kuma ya sa hannu. Wannan shi ne abin da yake sosa mini rai a labarin fiye da ficewar zanen kanta.

Kuma wa aka ba bashi? Baitulmalin Filib ya riga ya kasa biyan masu binsa a 1627, da 1647, da 1652. A 1662, shekara ɗaya bayan cinikin, fadar ta sake dakatar da biyan bashi. A 1665 sarkin ya mutu. Abin da aka bayar ya shiga hannun fada nan take. Abin da aka karɓa alkawari ne, daga bakin wanda masu bankin Jenowa suka daɗe da sanin yadda alkawarinsa na kuɗi yake ƙarewa.

An kafa allon a ɗakin ibadar fadar Alcázar ta Madrid. A daren jajibirin Kirsimeti na 1734 gobara ta cinye fadar, ɗaruruwan zane suka ƙone, shi ya tsira. A 1813, lokacin da sojojin Napoliyon suke janyewa daga Sifaniya, aka tafi da shi Paris. A can aka yi masa wani aiki mai tayar da tsigar jiki: aka raba fentin da katakonsa sannu a hankali, aka manna shi a kan ƙyalle. Allon da aka ce teku ta ƙi ci, a teburin masu gyara ya ƙare, hoton kaɗai ya rage. Bayan faɗuwar Napoliyon aka matsa wa Faransa ta mayar da kayan da ta kwaso daga ƙasashe, zanen ya koma Madrid, yana gidan tarihi na Prado har gobe.

Madrid aka mayar da shi, ba Palermo ba. Abin da Faransawa suka ɗauka da bakin bindiga an kira shi da sunansa, ganima, mai shi ya tashi ya nema, aka dawo masa da shi cikin 'yan shekaru. Abin da Jenowa ta tsinta, ta mayar. Abin da mai makulli ya miƙa da hannunsa kuwa, shekara fiye da 360 ke nan babu wanda ya samu bakin nemansa. Gaban wane alƙali za ka je? Za a buɗe maka takarda a nuna maka cewa naku ne ya bayar, har da tukuicinsa a rubuce. A watan Oktoban 1969 ɓarayi sun shiga wani ƙaramin ɗakin ibada na San Lorenzo, a cikin unguwar Kalsa ta Palermo, suka yanke zanen Caravaggio daga firam ɗinsa suka tafi da shi. Har yau 'yan sanda suna cigiyarsa, majalisar dokokin Italiya ta sake bin diddigin maganar bayan shekaru da dama, kuma ranar da ya ɓulla a ko wace ƙasa ce, Palermo za a kai shi, babu gardama. Ɓarawo ya ɗauki kaya ya bar wa masu shi haƙƙinsu. Staropoli ya haɗa da haƙƙin ya bayar.

Akwai masu cewa gara da aka yi haka, wai a Madrid zanen ya samu masu kula, miliyoyin mutane suna ganinsa, da ya zauna a Palermo wa ya san abin da bama-baman da jiragen yaƙi suka jefa wa garin a 1943 za su yi masa. Gaskiya ne Prado tana kula da shi. Sai dai Staropoli bai san da 1943 ba, ba kuma don ya ceci zane ya sa hannu ba. A Madrid ɗin ne wuta ta kusa lashe shi, daga Madrid ɗin aka yi awon gaba da shi. Babban zanen da Van Dyck ya yi wa ƙungiyar 'yan'uwan Rosario ta San Domenico kuwa yana nan a Palermo, a kan bagaden da aka yi shi dominsa, ya ƙetare duk yaƙe-yaƙen. In alheri ya biyo bayan cin amana, na Allah ne, ba ya shiga ma'aunin wanda ya ci.

Shi kuwa tsohon cocin, lalacewa ta ci gaba da binsa. A ƙarni na 18 rufin babban zauren ya rufta, ba a sake ɗaura shi ba. A 1835 aka mayar da wurin gidan gajiyayyu, daga nan asibiti, aka yi ta datsa ɗakuna a cikin ɗakuna, har ya ƙare a matsayin wurin jinyar tsofaffin da ba su da kowa. Jiragen yaƙi sun ragargaza Kalsa a 1943, unguwar ta daɗe ba ta farfaɗo ba. Tarkace ya taru a zauren, itatuwa suka tsiro a tsakiyarsa suka miƙe suna neman haske har suka kamo tsayin bango. Sai a tsakiyar shekarun 1980 aka rufe asibitin. A 1992 'yan Mafiya suka kashe masu shari'a biyu da suke bincikensu, Giovanni Falcone da Paolo Borsellino, dukansu 'ya'yan Kalsa. Kisan ya farkar da garin, mutane suka fara waiwayar wuraren da aka yi watsi da su. Aka kwashe tarkacen Spasimo, a 1995 aka buɗe shi ga jama'a. Yanzu ana kiɗa da wasan kwaikwayo a zauren da sama ce rufinsa, akwai kuma makarantar kiɗan jaz a harabar.

Mazaunin marmaran da Gagini ya sassaƙa shi ma ya sha yawo bayan an raba shi da allonsa. An kai shi cocin kwalejin 'yan Jesuit, aka sa masa siffar wani waliyyi daban. Daga baya aka wargaza shi gunduwa-gunduwa, ya bi ta gidan tarihi, ya ƙare a jibge a wani gida mai suna Villa San Cataldo a garin Bagheria, har aka manta ko mene ne. A 1986 wata masaniyar tarihin zane, Maria Antonietta Spadaro, ta gane gutsattsarin. Ita babu wanda ya naɗa ta, babu wanda ya ba ta makulli, babu kuɗin shekara da aka yi mata alkawari. Ta yi ta rubutu, ta yi ta ƙwanƙwasa ƙofofin hukuma, gwamnatocin gari suna zuwa suna tafiya, shekara 34. A watan Yulin 2020, shekarar da Raffaello ya cika 500 da rasuwa, aka sake haɗa marmaran aka tsayar da shi a cikin Spasimo.

Tsakanin ginshiƙan biyu akwai gurbin da dole a cike. Wani kamfani na Madrid, Factum Arte, wanda shi ne ya yi kwafin Caravaggio da aka sace, ya ɗauki hoton zanen na ainihi a Prado da na'urori masu kama kowane ɗigon fenti, ya buga kwafi daidai girmansa, aka kafa. Aiki ne mai kyau, wanda bai sani ba ba zai bambance ba. Malamai suna kawo yaran makaranta su gani, kuma malamin kirki dole ya gaya musu cewa wannan ba shi ne ba, na gaskiyan yana wata ƙasa. A cikin kowane aji ba a rasa yaron da zai tambaya wa ya kai shi can. Tambayar tana da amsa a littattafan garin, da sunan mutumin, da shekarar, da adadin abin da aka ware masa.